Minti Uku a Agogona

Ranar Asabar Auta takan zo ta share mini gida, ta zubar da jaridun da na hana a taɓa, ta yi mini faɗa a kan cin gishiri. Wannan Asabar ɗin ba ta yi faɗa ba. Ta shiga banɗaki ta daɗe, ta fito ta wanke kwanukan da na riga na wanke, sannan ta tsaya a ƙofar ɗakin karatuna da wani farin tsinken roba a hannu, kamar wadda aka ba ajiyar kunama.

"Baba, duba mini. Layi ɗaya ne ko biyu?"

Shekara talatin na yi a maɗaba'a ina gyaran rubutun mutane, don haka duk abin da ya yi ƙanƙanta ni ake kawo wa. Na sa tabarau. Layi ɗaya ja wur, na biyu kuma kamar inuwar silin gashi. Sai a lokacin na gane tsinken gwajin ciki nake riƙe da shi.

Bara aka yi aurenta da wani mai gyaran janareta da 'yan unguwa ke kira Injiniya. Sharaɗi ɗaya na gindaya masa: ta gama jami'a kafin a fara maganar haihuwa. Ya ce "to" har sau uku, irin wadda yake ce wa masu janareta. Yanzu saura zango ɗaya da rabi ta gama. Ta ce a gidana ta yi gwajin saboda in Injiniya ya gani, kafin la'asar duk layinsu ya ji, ita kuwa ba ta ma san abin da take so ba.

Na tambaye ta takardar da ke cikin kwalin. Ta riga ta jefa a shara. Na tono ta, na shimfiɗa a tebur, na karanta har ƙasa. An ce a duba bayan minti uku, in an wuce minti goma kada a yarda da abin da aka gani. Ita kuwa tsoro ya sa ta ajiye tsinken a bayan taga har awa guda. Na ce mata wannan ba shaida ba ce, na ɗauki sandata na tafi kemis.

Mai kemis ta dube ni, ta dubi furfurata, ta ce, "Baba, ashe da sauranka."

Na ce ta ba ni guda biyu, tunda ta yarda da ni haka.

Da Auta ta sake, ni na riƙe agogo. Minti uku ba shi da yawa, amma ya ishe ni in tuna da uwarta. Tana kwalejin malamai ta sami cikin babban yayansu. Ni na ce ta dakata shekara ɗaya, daga baya ta koma. Shekara ɗayan ce ta zama talatin da ɗaya, har muka kai ta makwancinta. Littattafanta na nan a ɗakin karatuna, a kanta ta ƙasa, alamar fensirinta ta tsaya a shafi na tamanin da huɗu. Ni kuwa na ci gaba da karatu abina, ina ba mutane shawara.

Layi biyu suka fito, baro-baro.

Auta ta zauna a bakin kujera ta ce za ta rubuta takardar dakatar da karatu, na shekara ɗaya kawai. Na ce na taɓa jin wannan lissafin, kuma daga bakina ya fito. Na ce ta bari sai mun je asibiti ranar Litinin.

A asibiti na fara zayyana wa nas tsarin da na kwana biyu ina shirya wa Auta. Ta bar ni na kai rabi, sannan ta tambaya cikin ladabi ko ni ne mai cikin. Na ce a'a. Ta nuna mini benci a waje. Minti arba'in na yi a kansa, tsakanin wata mai goyo da wani tsoho mai tari, kuma ban tuna ranar da aka yi mini adalci irin wannan ba.

A hanyar gida Auta ta ba ni labari. Cikin sati bakwai ne. Nas ta jera mata duk hanyoyin da ke gabanta, har waɗanda ba za ta maimaita wa mahaifinta ba, ta ce ba dole ta yanke a ranar ba, kuma ba miji ko uba ne zai yanke mata ba. Sun buɗe kalanda tare. Jarrabawar ƙarshe za ta faɗo sati uku kafin lokacin haihuwa.

"To me kika gani?" na ce.

"Zan haihu, kuma zan rubuta jarrabawa. Amma daga gidanmu mota biyu nake shiga zuwa jami'a, daga naka tafiyar minti goma ce. Ɗakin karatunka nake so, Baba."

Na ce akwai ɗakin baƙi. Ta ce tagarsa na kallon kwata. Na bar mata ɗakin karatun.

Injiniya ne ya kwashe littattafan, bakinsa har kunne, yana zuba su a kwali kamar tsofaffin ƙarafa. Ya gyara fankar da ta shekara biyu a tsaye, ya ce mini shi ma bai san yadda aka yi cikin ya shiga ba. Na ce masa akwai littafi a kan haka a kwali na uku. Kanta ta ƙasa kawai Auta ta hana a taɓa.

Yanzu a baranda nake karatu, a kujerar da ke ciza mini baya. Da yamma Injiniya yakan zo ya tausa mata ƙafafun da suka kumbura, tana karanto masa abin da ba ya ganewa, yana cewa "to". Faɗan gishiri ya dawo, kullum ne ma yanzu. Saura kwana tara jarrabawa. Takan ja ƙofa ta gwada kanta da tambayoyin bara, awa biyu cif, ni kuma ina waje riƙe da agogo.