Gwaggon da ke Cikin Takardar Banki

Labarin rasuwar ya zo mana Ƙofar Mata bayan ƙaramar salla da sati biyu, a shekarar alif ɗari tara da hamsin da biyar. Wani ɗan goro ne ya kawo wasiƙar daga Kumasi, ya miƙa wa Malam Nata'ala, ƙanin mijina marigayi, a bakin marina. Ina tsakar gida ina kaɗi Nata'ala ya shigo, hannunsa shuɗi har gwiwa, bai ko wanke ba. Kullum in ya shigo sai ya tsokane ni, ya ce tsohuwa ta ƙi gaba ta bar masa ɗaki. Ran nan sai ya tsaya nesa ya ce, "Yaya Larai, sai haƙuri. Salihu ya riga mu. Ciwon shawara ne ya kama shi, ya cika goma ga azumi."

Na ajiye mazari na ce, "Allah ya jiƙan na Hajo."

Haka nake kiransa. Ɗana ne na fari, ban taɓa ambatar sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. Da aka yaye shi aka kai shi Gwale, gidan Hajo ƙanwar ubansa, ita ta riƙe shi. Ya tashi yana ce mata Inna. In sun zo gaishe mu, Hajo takan tura shi gabana don ta ga na sunkuyar da kai, ta ce, "Je ka gai da Gwaggo." Da wasa aka fara, sunan ya bi ni. Har ya yi gemu Gwaggo yake ce mini.

Shekararsa shida a Kumasi yana sayen goro yana ɗaure wa manyan 'yan kasuwa. A can ya yi aure, ya auri wata 'yar zango, unguwar Hausawan can, ana ce mata Asibi, suka haifi mace, Binta. Ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba. Sau ɗaya ya zo gida a cikin shekarun nan, lokacin Hajo na da rai. Ya zauna a ƙofar ɗakina yana ba Nata'ala labari da ƙarfi don in ji, ni kuma ina tsince shinkafa kamar ba da ni ake ba.

Ya ce, "Baba, a can ba a binne kuɗi a tukunya. Ƙasar ba tamu ba ce, ɗakin ma haya ne. Bara gobara ta tashi a zango, wani Bazazzagi ya yi asarar fam sittin a cikin matashin kai. Tun ranar na kai nawa banki."

Nata'ala ya ce, "Ka ba Bature ajiya? In ya hau jirgi ya tafi garinsu fa?"

"Ginin ba zai hau jirgi ba. Littafi suke ba ka, duk abin da ka kai a rubuta. Littafin ba ya kwana a ɗakina, yana akwatin mai masaukina, Alhaji Mailafiya. Ba na aiken kowa, ni nake zuwa da ƙafata, ba kuma ranar kasuwa ba. In sa hannu da ajami, in dangwala yatsa. Kuɗin ruwansu na ce su riƙe abinsu. Har suna tambayar wanda za a ba in mutum ya mutu, na faɗa musu."

Bai ce wa ya faɗa ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Wasiƙar rasuwar Alhaji Mailafiya ne ya rubuta. Bayan ta'aziyya ya ce Asibi na takaba a gidansa da yarinyar, za ta fita bayan Cika-ciki da kwana goma. Ya ce kawun Asibi ya zo daga garin Salaga, ya ce ranar da ta fita zai tafi da ita da 'yar, tunda dangin uba ba su da hali. Asibi kuwa ta ce mijinta ya yi mata wasiyya ta kawo Binta Kano. Amma hanya sai mota zuwa Ankara ta bakin teku, sai jirgin ruwa zuwa Ikko, sai jirgin ƙasa, ga kuɗin mai rakiya, ga bashin magani da na likkafani. Kuɗin mamacin duk suna banki, fam tamanin da huɗu da sule goma sha biyu, kuma banki ya ce ba zai saki kwabo ba sai ga wanda aka rubuta. Takardar za ta zo reshensu na Kano.

Abin da nake da shi a lokacin bai kai fam biyu ba. Na san in yarinyar nan ta shiga Salaga, sai dai labari.

Takardar ba ta iso ba sai bayan babbar salla. Ranar Litinin muka fita ni da Nata'ala da ƙafa, muka bar ganuwa muka nufi wajen tashar jirgi inda bankin yake. Ban taɓa shiga irin ginin ba. Ƙasan santsi, na cire takalmi a ƙofa, masinja ya ce in mayar. Sunansa Sani, tsohon soja ne, shi yake yi wa akawu tafinta, don akawun mutumin kudu ne, Hausarsa ta cefane ce kawai.

Akawu ya buɗe takardu ya yi magana. Sani ya ce, "Ya ce ina ƙanwar uban mamaci? Ita aka rubuta."

Nata'ala ya ce, "Allahu akbar. Hajo ke nan. Ai ta rasu bara da kaka."

Akawu ya girgiza kai, ya yi dogon Turanci, ya jawo alƙalami. Sani ya ce, "To magana ta canja. In wadda aka rubuta ta mutu, takarda za ta koma Kumasi, daga can a miƙa wa ofishin gwamnati mai kula da dukiyar matattu. Su za su yi bincike."

"Kwana nawa?"

"Malam, kar ka ce kwana. Na ga wanda ya shekara biyu."

Nata'ala ya miƙe yana kaɗe riga. Ya ce, "Taso, Yaya Larai. Allah bai yi ba."

Ban tashi ba. Ban ga laifin yaron ba don ya rubuta Hajo, ita ta ci kashinsa da fitsarinsa. Amma wani abu ya tsaya mini. Na ce wa Sani, "Ɗan nan, tambaye shi, sunan Hajo aka rubuta?"

Ya tambaya. Ya ce, "Babu suna. Ƙanwar uba kawai, Ƙofar Mata, Kano."

Na ce, "Hajo a Gwale take. Ba ta taɓa zama Ƙofar Mata ba tun da aka kai ta ɗaki."

Nata'ala ya dawo ya zauna. Ya roƙi a nuna masa takardar. Akawu bai so ba, amma ya juyo da ita ya danne da hannu. A ƙasan Turancin akwai dangwalen yatsa, da ɗan rubutun ajami layi biyu, wanda akawun ya ɗauka duk sa hannu ne. Nata'ala ya kai ido kusa, ya bi da yatsansa mai shuni. Ya karanta layin farko, sunan yaron. Ya karanta na biyu. Sai ya ce, "Gwaggo. Cewa ya yi a ba Gwaggo."

Sani ya ce, "To ai shi ne. Gwaggo ƙanwar uba. Tafintan can bai yi kuskure ba."

Nata'ala ya nuna ni. "Ga Gwaggon nan zaune. Ita ta haife shi."

Sani ya dube ni, ya dube shi, sai ya yi dariya har ya dafa tebur. "Ɗan fari ne?"

"Ɗan fari ne."

"Kai, Kanawa! Yanzu ta ina zan fara wa mutumin nan?"

Ya daɗe yana bayani, yana nuna ni, yana nuna takarda. Akawu ya tambaye ni kai tsaye da guntuwar Hausarsa, "Mama, yaro naka ne?" Na sunkuyar da kai. Bakina ya ƙi. Ya sake tambaya, na ce, "Na Hajo ne." Nata'ala ya buga tsaki ya ce, "Kin ga irinta ko? Kin rusa mana gini da baki ɗaya."

Akawun mutumin kirki ne. Ya ce shi bai ga yadda uwa za ta zama ƙanwar uba ba, kuma ba zai ba da kuɗin mamaci a kan dariyar masinja ba, don amanar da aka ba su ke nan. Amma zai riƙe takardar kwana bakwai. In mun kawo shaidar alƙali da hatimi cewa Gwaggon nan ni ce, zai biya. In ba haka ba, ranar Litinin mai zuwa ta koma.

A hanya Nata'ala bai bar ni na huta ba. "Shekara talatin kina kunya, me ta saya miki? Ranar Alhamis alƙali zai tambaye ki. In kika ce masa na Hajo, wallahi a can zan bar ki, in ce ban san ki ba."

Na ce, "Kai da ka kusa binne kuɗin tare da Hajo, kai ne mai bakin magana?"

"Ni abin da aka tambaye ni na amsa. Ke fa?"

Kwana biyun nan na gwada a ɗaki ni kaɗai, ina kaɗi. In na zo kan sunan sai in ji kamar na tuɓe zane a kasuwa.

Ranar Alhamis muka je gaban alƙali da mai unguwarmu da 'Yardada, tsohuwar da ta karɓi haihuwarsa. Mata muna daga gefe a kan tabarma. Mai unguwa ya yi bayani. 'Yardada ta ce ita ta yanke cibiya, a ɗakin kudu, ranar wata Juma'a ana ruwa. Ta ce duk unguwa an san wa yake ce wa Gwaggo. Alƙali dattijo ne, ya san al'ada sarai, bai yi dariya ba. Ya ce, "Na ji shaidu. Amma ba a ba da hukunci ga wanda bai yi da'awa ba. Malama, ke za ki faɗa da bakinki. Wane ne mamacin, kuma mene ne shi a gare ki?"

Ina jin Nata'ala yana gyaran murya. Na dubi tabarma, akwai inda kabar ta tsinke, na sa yatsa a wurin.

Alƙali ya ce, "Ba gaggawa. Amma magatakarda ba ya rubuta shiru."

Na ce, "Salihu ne."

"Ƙara murya, Malama."

"Sunansa Salihu. Ɗana ne. Ni na haife shi."

Tun ranar da wasiƙa ta zo ban yi kuka a gaban kowa ba, don uwar ɗan fari ba ta yi. A nan ya zo mini, ban iya tare shi ba. 'Yardada ta ja mayafina ta rufe mini fuska. Alƙali ya jira har na natsu, sannan ya sa aka rubuta, aka buga hatimi. Ya kuma raba gadon yadda shari'a ta ce, bayan an fitar da bashi, ya ce rabon yarinya amana ne a hannuna da Nata'ala.

Ranar Asabar da safe muka kai takardar. Akawu ya sa Sani ya karanta masa sau biyu, ya sa na dangwala yatsa a wuri uku. Na ce ba zan ɗauki kuɗin in ratsa kasuwa da su ba. Na tambaya ko yadda takarda ta zo daga Kumasi, kuɗi za su iya komawa. Ya ce suna iyawa, ta waya, kwana uku. Muka aika wa Alhaji Mailafiya fam talatin da ɗaya, na bashi da na hanya, da rabon Asibi a kai, aka rubuta cikakken sunansa da na ubansa da lambar gidansa, Nata'ala ya sa aka maimaita masa har akawu ya gaji. Rabon yarinyar muka bar shi a nan, aka ba mu littafi.

Asibi ta fita takaba ranar Alhamis, ranar Asabar Alhaji Mailafiya ya sa su a mota tare da wani ɗan goro da matarsa. Daga baya na ji kawun ya yi faɗa, ya ce an raina shi, amma bai hana ba.

Sun iso Kano gero ya fara nuna. Muka je tasha tun hantsi, jirgin bai shigo ba sai bayan la'asar. Asibi doguwa ce, baƙa, Hausarta da wani karin harshe. Ta durƙusa a kan dandamali ta gaishe ni, muka yi wa juna gaisuwar rashi. Yarinyar na bayanta, shekararta biyu da rabi, jikinta zafi saboda wahalar hanya, idonta duk kwantsa. Ta ƙi kowa. Nata'ala ya miƙa hannu ta tsala ihu.

Ya ce, "To, wannan ma halinki ta ɗauko."

Asibi ta kwance ta, ƙafafun uwar sun kumbura, ba za ta iya goyo zuwa cikin gari ba. Na juya baya na ce ta ɗora mini. Yarinyar ta yi ta kuka tana dukan kafaɗata har muka wuce kantuna. Kafin mu kai ganuwa ta yi barci. Nata'ala ya ɗauki akwatin a ka, ya ce mu tsaya wajen mai magani a sayo na zazzaɓi kafin ya tashi.