Ranar da Tanda Ta Tafi Hutun Haihuwa

Wani mafarki na yi a daren jiya, har yanzu jikina bai gama saki ba. Na gan ni a gidan burodina na Funtuwa, komai yana nan yadda na san shi, sai dai hayaƙi ƙasa yake nutsewa, ruwan sama kuma daga tsakar gida yake tashi yana komawa cikin gajimare. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne an ce jami'ar ƙwadago tana tafe.

Ta iso a hankali, ashe hawainiya ce, da tabarau da jakar hannu. Tanimu, wanda ya fi kowa daɗewa yana yi mini gashi, ya shimfiɗa mata tabarma. Tana koriya shar ta shaida mini cewa doka ta wajabta wa kowane ma'aikaci hutun tsakar rana. Na ce ai muna yi. Kafin in rufe baki ta koma ruwan ɗorawa, ta ce waccan dokar ta tsufa, yanzu rana ce ke zuwa hutu, ma'aikaci ya riƙe mata wuri. Tanimu ya jingina tsani ya hau sama.

Daga nan ta leƙa cikin tanda, ta daɗe tana dubawa.

"Hajiya, wannan ma'aikaciyar juna biyu gare ta. Tun yaushe kike tsayar da ita a wuta?"

Na ce ranki ya daɗe, tanda ce, da laka aka gina ta. Ta ce mu ma duk da ita aka yi mu. Tandar ta miƙe, ta yafa gyale, ta fice hutun haihuwa da burodin mutane a cikinta. Ko sallama ba ta yi mini ba.

Sai ga ni a ofishin ƙwadago, can ƙasan wata rijiya. Masu ɗaukar ma'aikata mun yi layi, wata tsohuwar tunkiya tana suyar dokoki a kasko kamar ƙosai. Mutumin da ke gabana, mai kamfanin ruwan leda, ya raɗa mini cewa doka da zafinta take aiki, in ta huce kafin mutum ya kai gida ta zama laifi. Shi tun yana saurayi yake wannan zirga-zirga, ga shi da furfura bai taɓa kai ko ɗaya gida da ɗumi ba.

Na karɓi tawa, na ƙulle a gefen mayafi, na sheƙa da gudu. Titin yana ja da baya. Ina jin ɗuminta yana raguwa a ƙirjina, ina rungume ta, ina roƙonta ta yi haƙuri mun kusa. A kwanar kasuwa ta yi sanyi ƙalau.

Na tarar wani tela yana ɗinke ƙofar gidan burodin da allura da zare, ya faro daga sama ya kusa ƙasa. Iyalan ma'aikatana suna zaune a waje da kwanukansu babu komai a ciki. Ba mai kuka, kallona kawai suke yi. Na durƙusa gaban hawainiya, na roƙe ta ta faɗa mini doka guda tak in riƙe har mutuwa. Ta ce ita ma sai ta dubi jikinta take sanin ta yau. Amma ta ce akwai wadda ba ta taɓa canzawa ba, ita ce a tambayi ma'aikaci.

Aka sauko da Tanimu, hularsa tana hayaƙi. Hawainiya ta juya gare shi.

"Malam Tanimu, ana kyautata maka a gidan nan? In ka ce e, tela ya warware. In ka ce a'a, ya ƙulle zare."

Na nemi amsar a fuskarsa na rasa. Shekara da shekaru duk safiya in na ce masa ina aiki, cewa yake da godiya. A nan ne na tuna kowa ma haka yake cewa. Tela ya tsaya da allura a hannu. Tanimu ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya gyara murya, ya buɗe baki.

Ƙarar injin markaɗen maƙwabta ce ta fito daga bakinsa. Na farka, matashin kaina jiƙe da gumi.