Gurnanin Injin Baba Direba

Da ƙafa na tura ƙofar, don hannuwana na riƙe da tiren shayi, sai na ji ɗakin tsit. Shirun ne ya fara gaya mini ba lafiya ba tun kafin in ga maƙwabcina Baba Direba. Injin da ke ba shi iska yana nan a gindin gado, amma koriyar fitilarsa a mace. Shi kuma yana zaune ya manna kunne da bango, robar hancin tana lilo a wuyansa, leɓɓansa sun yi duhu.

Na buɗe baki zan fara masifa, ya ɗora yatsa a leɓe. Ta cikin bangon muryar yarinyar nan mai waƙa a ɗakin kusa ke shigowa, siririya, a hankali, kamar mai magana da kanta tana wanke-wanke. Kiɗan jita na bin ta a baya. Sai da ta kai ƙarshe, aka ji wani ya yi tafi sau ɗaya, sannan Baba ya miƙa hannu ya danna maɓallin. Injin ya ɗauki gurnaninsa. Ya mayar da robar hanci, ya yi ta jan iska har idanunsa suka kawo ruwa.

"Kin ji wannan, ƙanwata?" ya ce da ya samu kansa. "Wannan karon ba ta yi tuntuɓe ba."

Na ce masa ni tuntuɓen da nake gani a gabana yake zaune, kuma in ya faɗi ba mai ɗaga shi sai ni.

Ƙofofi uku ne a hawanmu na bene. Tawa, inda nake ɗinki; ta Baba, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa bas har hayaƙi ya cinye masa huhu; sai ta yaran nan masu kiɗa. Ba kamfani a bayansu, ba uban gida. Sun jingina katifa a taga, sun liƙa kwalayen ƙwai a bango don tare ƙara, sun ce faifansu na farko suke haɗawa. Mu dai muna kiran mai waƙar Siririya, mai jitar kuma Dogo, shi ne mai zama gaban kwamfuta da abin ji a kunne. Da farko na tsani lamarinsu, don ni a wurina kiɗan da ba ya sa mutum taka rawa ɓata wutar lantarki ne. Har keken ɗinkina suka roƙe ni in riƙa tsayarwa da hantsi. Na yi ta mita, amma na tsayar.

A ranar ce Baba ya ba ni labarin yadda abin ya faro. Dogo ya taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa, ya gaishe shi da ladabi daga bakin ƙofa, ya ce akwai wani gurnani da ke ratsa bango yana shiga duk abin da suka ɗauka, ko firji ne? Baba ya ce firji ne, kuma tsoho, zai riƙa kashe shi in ya ji sun fara. Yaro ya yi godiya ya tafi, bai leƙa ciki ba.

Na rantse masa sai na tona. Ya ce in tona mana, ai bakina ne. Sannan ya kalli injin.

"Tun ina saurayi inji ke ƙara a ƙarƙashina," ya ce. "Na bar mota, aka kawo mini wannan. Ke kin ɗauka don su kaɗai nake kashewa?"

Sai na huce a kan shayin, na ce ya sha kafin ya yi sanyi.

Na tona ɗin kuwa. Na tare Siririya a matakala da jakar cefane a hannunta, na faɗa mata firjin da ake kashe musu mutum ne. Jakar ta suɓuce, lemo ya gangara har ƙasa. Ta shiga ɗakinsa ta durƙusa tana kuka, ta ce wallahi da sun sani da sun fasa faifan gaba ɗaya. Baba ya yi mata dariya, ya ce duk mai kuka haka da rana muryarta za ta dushe, ta tashi. Ya yi mata alkawari ba zai ƙara ba. Dogo ya ce zai san yadda zai goge gurnanin a kwamfuta.

Alkawarin bai kwana biyu ba. Ni da nake jin komai ta bangona na san lokacin da gurnanin ke ɗaukewa. Da zarar jita ta fara, sai ɗif. In ajiye almakashi in ruga, in tarar da shi manne da bango, in danna maɓallin da kaina, ya harare ni kamar na ƙwace masa abinci. Na matsar da injin, na ɓoye masa sandarsa don kada ya kai gare shi, ya koyi kashe shi da yatsan ƙafa. Su ma yaran suna jin shirun a abin kunnensu. Sau da yawa Siririya takan katse waƙar a tsakiya ta buga bango, "Baba, kunna!" Shi kuma ya buga mata nasa, wai ta ci gaba. Tsoro nake ji ƙwarai, kuma haushinsa nake ji, ban san wanne ya fi yawa ba.

Da azahar ya rasu, wata ranar da ba a yi kiɗa ba. Injin a kunne yake, robar tana hancinsa, hannunsa ɗaya a kan bango. Likitar da ta zo ta ce huhun ya riga ya gama aikinsa tun tuni, ba abin da wani ya yi ko ya bari. Na ji ta, na gode mata. Ɗansa ya zo daga nesa, aka yi abin da ake yi, ya bar mini makulli ya ce mutanen asibiti za su zo su ɗauki injinsu.

Waƙa ɗaya ta rage wa yaran. Bayan an watse da gaisuwa suka koma ɗakinsu, ga shiru sun samu kyauta, irin wanda suka yi ta nema. Ina zaune ina jin Siririya ta fara, ta tsaya. Ta sake farawa, ta tsaya. Haka aka yi ta yi har rana ta karkata. Can na ji ƙwanƙwasa, na buɗe na gan ta da idanu jajur.

"Gwaggo, ba zan iya ba," ta ce. "Da, in na ji shiru na san yana saurare. Yanzu shirun ba kowa a ciki." Ta kalli ƙofar Baba. "Don Allah ki kunna mana shi."

Na so in ce mata wannan shirme ne. Sai na ga na ɗauko makulli.

An naɗe katifarsa, an bar matashin kai a kan ƙarfen gado. Na danna maɓallin, fitila ta kawo, gurnanin ya cika ɗakin. Na zauna a kujerarsa. Ta bango na ji ta ɗauki waƙar, ta kai ta har ƙarshe ba tuntuɓe.

Faifan ya fito bayan wasu watanni, kuma ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. 'Yan matan da ke kawo mini ɗinki suna sa shi a waya, suna cewa daɗinsa shi ne ba hayaniya: jita mai sanyi, ganga kamar ana buga tebur da yatsu, murya kusa da kunnenka, da wani shiru mai tsabta tsakanin baiti da baiti. Amma duk sun fi son waƙar ƙarshe. Wata ta ce mini akwai wani ɗan gurnani a ƙarƙashinta mai sa mutum ya ji kamar yana gida, kamar akwai wani a ɗaki na kusa. Na ce ta ɗaga hannu in auna ta.

Ni waƙoƙin farkon ne ba na iya ji a tsaye. Duk inda kiɗa ya ɗauke aka bar muryar ita kaɗai, na san wanda ke bayan bango da robar hanci a wuya, sai in ga na riƙe numfashina har sai jita ta dawo. In ta ƙarshen ta zo kuwa, nakan cire ƙafa daga keke in bar ɗinkin. Ɗakin nan nake gani, hasken la'asar a kan ƙarfen gado, da robar da na ajiye a kan matashin, tana hura iska, gefen rigar matashin yana ɗan motsi.