Wayar Fulogin Ƙasa

Mun kai tsakiyar kogi ke nan injin ya fara tuntuɓe. Ya yi gudu, ya cije, ya sake kamawa, jirgin yana zabura kamar ana fizgarsa ta baya. Na rage mai, na ƙara, duk ɗaya.

Makanike yana kwance a kan katifa a tsakiyar jirgin, kansa a cinyar matarsa, tana riƙe masa lema. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, shekara ashirin da ɗoriya, kuma babu injin da ke bakin ruwanmu da bai taɓa shiga rumfarsa ba. Da safen nan ƙirjinsa ya riƙe, numfashi da kyar. Asibiti yana tsallaken ruwa, jirage duk sun fita kamun kifi, nawa kaɗai ya rage, da tsohon injinsa da ya girmi ɗana na fari.

"Kashe shi," in ji Makanike, idonsa a rufe.

"Baba, bari mu lallaɓa a haka."

"Da silinda ɗaya? Ruwa zai tafi da mu. Kashe."

Na kashe, na jefa dutsen da nake tsayar da jirgi da shi, na ɗage murfin injin.

"Ciro fulogin duka biyu. Yaya na sama?"

"A bushe yake, ja-ja."

"Na ƙasa fa?"

"Baƙi ƙirin, a jiƙe."

Ya miƙo hannu, na ba shi. Ya kai hanci ya shinshina.

"Mai yana zuwa. Wuta ce ba ta zuwa. Goge shi, ka musanya su, na sama ya koma ƙasa."

Na yi yadda ya ce, na ja igiya. Injin ya tashi, ya ci gaba da tuntuɓensa. Da na sake kwancewa, wanda na mayar ƙasa shi ne ya jiƙe.

"To, ba laifin fulogi ba ne," in ji shi. "Saura..."

Maganar ta tsaya. Tari ya sarƙe shi, leɓunansa suka yi fari. Matarsa ta ajiye lemar tana shafa masa ƙirji. Na dubi tsallaken, rufin asibitin ga shi can yana ƙyalli, amma da nisa. Na jawo filafili zan fara tuƙi da hannu, duk da na san ba zan iya da ƙarfin ruwan ba.

"Ajiye wannan," ta ce mini, ba ta ko ɗago kai ba. "Bi wayar fulogin ƙasa da yatsa, daga baki har gindinta."

Na tsaya ina kallonta.

"Shekara arba'in ina jin wannan karatun ta taga. Bi ta."

Makanike ya ɗan buɗe ido. "Ka ji mai rumfar," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Ni yaron shago ne."

Na bi wayar a hankali. Dab da hular da ke rufe kan fulogin, yatsana ya faɗa wani ɗan tsago. Wayar ta daɗe tana gugar jikin injin har robarta ta cinye, wutar tana tsallakewa ta nan kafin ta isa. Na faɗa masa.

"Yanke wurin. Akwai sauran tsawo?"

"Akwai kaɗan."

"Ya isa. Murɗa hular a kan sabon bakin, ka kauce da ita daga ƙarfe."

Na yanke da wuƙar kifi, na murɗa, na ɗaure wayar gefe da zaren koma. A ja na uku injin ya kama. Sautinsa ya daidaita, babu cijewa. Na ciro dutsen muka miƙa.

Makanike ya kasa kunne yana sauraren injin, har na ɗauka barci ya yi.

"Yauwa," ya ce. "Amma ka sayi sabuwar waya. Na san halinka, sai ka shekara da wannan."

"Gobe zan saya, Baba."

"Haka ka ce bara."

Bai sake yi mini magana ba. A bakin gaɓa ma'aikatan asibiti suka ɗauke shi da katifarsa suka shige. Na zauna a benci a waje, hannuna duk baƙin mai, na rasa inda zan goge. Rana ta fara karkata lokacin da matarsa ta fito. Ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin.

"Ka kawo shi," ta ce. "Likita ya gan shi da ransa. Allah ya saka maka."

A jirgin nan muka mayar da gawarsa gida, 'ya'yansa suka tarbe mu a bakin ruwa.

Bayan kwana biyu, da hantsi, ina zaune a ƙofar gida sai ga wasu masunta biyu daga wani ƙauye mai nisa, sun rataya inji a jikin gora, kowa da gefensa a kafaɗa. Labari bai kai musu ba. Suka tsaya gaban rumfar, suka ga ƙofar a kulle, suka ga tabarmi da mutane a zaune. Na gaba ya dube ni, na girgiza masa kai.

Suka sauke injin a hankali, suka jingina shi da bango inda akwai inuwa. Sannan suka tuɓe takalma suka zauna a bakin tabarma.