Muryar Baba a Sabuwar Sifika

Ranar da rakodar Inna ta cinye kaset ta mutu, Auta aka kira. Kullum ita ake kira. Ita ce ta yi kuskuren kama haya kusa da gida, saboda haka in famfo ya fashe nata ne, in maganin hawan jini ya ƙare nata ne, yanzu ga muryar mahaifinsu ma ta dawo wuyanta.

Baba direban babbar mota ne, rabin rayuwarsa a hanya ya yi ta. Tun kafin waya ta shiga hannun kowa, in tafiya ta yi nisa sai ya cika kaset da surutu ya aiko wa Inna: taya ta fashe a wuri kaza, abincin hanya ba gishiri, a gaya wa yara su daina hawa katanga. Bayan rasuwarsa, kullum da yamma Inna takan tura ƙofar ɗakinta ta kunna kaset ɗaya ita kaɗai, ta saurara, sannan ta ci abinci. Da mai gyara ya jujjuya rakodar ya ce kayanta sun daɗe da ƙarewa a kasuwa, sai cin abincin ma ya tsaya. Loma biyu take tsakura ta ture faranti.

Yaya Babba, wanda ke zaune a wani gari mai nisa, mutum ne da ke gyara komai ta waya. Ya sa aka kwashi kaset-kaset ɗin aka juye su cikin wayar Inna, sannan ya aiko da sifika biyu, kowace ta kusa kai firji tsayi, ga fitilu ja da shuɗi suna wulwulawa a gabanta. Auta ce ta taya masu dako hawa da su bene, ita ce kuma ta riƙe waya yana kallo daga can, yana washe baki.

"Inna, yau za ki ji Baba kamar yana ɗakin. Auta, ƙara murya."

Ta ƙara. Gilashin taga ya hau rawa, kofuna suka yi ƙara a cikin kabad, wata murya mai kauri ta cika ɗakin tana zancen taya. Inna ta saurara kaɗan, ta yamutsa fuska.

"Wannan wane ƙato ne yake magana daga cikin ganga? Ku fitar min da shi."

"Baba ne fa, Inna."

"Ni za ki gaya wa Babanku? Kun ɓatar da shi wajen juye-juyenku, shi ke nan."

Kafin a kashe, matar da ke hawa na sama ta sauko ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta ce jaririnta ya farka. Yaya Babba kuwa ya ce tsufa ne kawai, ai wannan ita ce mafi ƙarfi a shagon, a ba ta lokaci za ta saba. Ya kashe wayarsa ya koma harkokinsa. Inna ba ta saba ba. Wuyanta ya fara fitowa, zanen da take ɗaurawa ya fara yi mata yawa, kuma duk yamma in Auta ta shigo sai ta bi hannunta da kallo, ko ta zo da wani abu.

Auta a kantin magani take aiki, a tsaye take wuni. Ran da ta samu ta tashi da wuri, ta nufi layin masu kayan lantarki da ƙafafu a kumbure da wayar Inna a jaka. Wanda bai taɓa shiga layin nan da ciwon kai ba bai san azaba ba. Kowane shago ya fito da babbar sifikarsa bakin ƙofa yana neman ya danne maƙwabcinsa, ga injin wuta yana nasa gunjin a bayan kowa. Ta shiga shago biyu ta fito, don tana buɗe baki sai a ƙure mata kiɗa a tsaya ana kallon fuskarta, ana jiran ta yaba.

A na ukun, mai shagon wani mai ƙaton ciki ne da ke goge zufa da tawul. Shi ma da kiɗan ya tarbe ta.

"Hajiya, taɓa nan ki ji. Wat dubu biyu! Wannan in kika kunna, har layi na gaba sai sun san kin yi sayayya."

"Malam, don Allah kashe."

"In rage?"

"Ka kashe. Ba kiɗa na zo saya ba. Ga muryar da sifikar za ta riƙa fitarwa a wayar nan, ita za ka sa min."

Ya karɓi wayar yana dubanta kamar wadda ta zo sayen mota ta ce a tura mata ta gani. Ya haɗa da babbar, Baba ya fito da muryar ganga. Ya haɗa da wata mai kama da bututu, Baba ya koma mai mura. Ya jawo wadda ya fi son ya sayar, yana haɗawa ta ga yatsansa ya murza maɓallin sauti sama a fakaice.

"Mayar da shi inda yake," in ji ta. "In ka ƙara wa ɗaya murya dole ta fi daɗi. Duk ka bar su daidai, kuma ƙasa-ƙasa. Tsohuwa ce za ta ji, a ɗaki, ba gidan biki ba."

Ya yi dariyar wanda aka kama, ya mayar. Ta sa ya tura ƙofar gilashi, hayaniyar layin ta ragu. Ta rufe ido don kada girma da fitilu su rinjaye ta, ta ce ya riƙa canzawa kada ya gaya mata wacce ce.

A nan ne tsoro ya kama ta. Murya ta ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce, ta uku, duk maza ne masu zancen taya, ita kuwa ta rasa da me za ta auna su. Ta nemi muryar mahaifinta a cikin kanta ba ta same ta ba. Tana tuna hularsa, tana tuna warin man inji a hannunsa, amma muryar ta shuɗe ba ta san ranar ba. Ashe Inna ce kaɗai ta rage da ita, in kuwa ta ƙi ci har ta kwanta, to shi ke nan an yi asara biyu. Hawaye suka taru mata a bayan fatar ido, ta ji kunyar mai shagon, ta ji haushin Yaya Babba, ta ji kamar ta zauna a ƙasa ta cire takalmi.

Sai ta ji wani ɗan fito. Siriri ne ƙwarai, yana bin bayan wasu kalmomi. Baba na da giɓi a gaba, in ya ce "sannu" ko "gishiri" iska kan kuɓuce ta wurin, har suna yara sukan kwaikwaye shi a ɓoye. Manyan sifikun duk sun haɗiye wannan fiton, sun bar kauri kawai.

"Tsaya. Wannan wacce ce?"

Ta buɗe ido. Wani ɗan akwatin katako ne, bai fi bulo girma ba, ba fitila ba ado, ƙura a kansa.

"Haba Hajiya," in ji mai shagon, ransa bai so ba. "Wannan ai ba ta da ƙarfi. Ko a tsakar gida ba za a ji ta ba."

"Ita nake so. Amma shago daban ɗaki daban. In na kai ba ta yi ba, zan dawo maka da ita."

Ya yi ɗan gunaguni ya yarda, wataƙila don ya ga alamar in bai yarda ba za ta fashe masa da kuka a shago.

Rana ta yi sanyi lokacin da ta hau benen. Inna na zaune a inda ta saba, a kan darduma, fuskarta wajen taga, bayanta ga ƙofa. Manyan sifikun Yaya Babba na tsaye a lungu, an yafa musu tsohon zane, an ɗora kwandon magani a kan ɗaya. Auta ta jawo ɗan tebur gaban Inna, ta ɗora akwatin, ta juya shi yana kallonta, ta kunna.

Inna ta sunkuyar da kai ta daɗe tana ji. Auta ta tsaya ko jakarta ba ta sauke ba.

"Wannan ya fi wancan ƙaton," in ji Inna a ƙarshe. "Ya yi kama da shi. Sannu da ƙoƙari, Auta." Ta mayar da fuskarta taga.

Ya yi kama da shi. Auta ta san wannan sannun, irin wadda ake yi wa wanda ya kawo takalmi ƙafa ɗaya ce. Gobe ta sake bin layin nan ke nan, ta sake roƙon a kashe mata kiɗa. Ta shiga kicin ta ɗumama abinci, ko da ta san inda zai ƙare. Da ta fito da tire ta ga ba wurin ajiyewa, sai ta ɗauke akwatin daga teburin yana ta magana, ta ajiye tiren a wurin, ta waiga ta rasa inda za ta sa shi, ta dangwarar da shi a kan tsohuwar kujerar Baba da ke bakin ƙofa, bayan kafaɗar Inna ta hagu. Ta tuna matar sama da jaririnta, ta ƙara rage sautin. Sannan ta zube a ƙasa ta jingina da bango ta fara murza ƙafarta.

Ba ta taɓa lura ba, kuma ba wanda ya lura a cikinsu, cewa iyayensu ba sa hira fuska da fuska. Shi yana kujerar nan yana kwance igiyar takalmi yana zuba, ita tana fuskantar taga da aiki a hannu tana amsa masa ba ta juyo ba. Shekara da shekaru ta bayan kafaɗar nan muryar ke zuwar mata, ƙasa-ƙasa, ta daki bango ta dawo.

A cikin kaset ɗin Baba ya gama zancen wani ɗan sanda da ya tsare shi, ya fara wani, sai tari ya sarƙe shi. Ya yi gyaran murya, ya sake tari.

"Ka sha ruwa mana," in ji Inna, ba ta juyo ba, da ɗan faɗa a muryarta. "Kullum sai an gaya maka. Auta, miƙa wa Babanki ruwa."

Auta ta miƙe. Sai da ta tsiyaya ruwan a kofi, ta taka har gaban kujerar, sannan ta tsaya da kofin a hannu tana kallon ɗan akwatin katako. Ta kasa komawa, ta kasa ajiyewa.

A bayanta ta ji ƙarar cokali a faranti. Inna ta jawo tiren gabanta, tana ci tana gyaɗa kai, shi kuma yana ba ta labarin hanya.