Ba Kwaikwayo Take Yi Ba

Kawu mai gyaran agogo ne, kuma da harara-garke aka haife shi: idonsa na hagu kullum yana leƙen karan hancinsa. Tun yana yaro ya sha tsokana har ya koyi yin shiru. A duk dangi mutum ɗaya ce yake sakin jiki da ita, wato Auta, 'yar ƙanwarsa. Da an tashi daga makaranta sai shagonsa. Ta haye benci, ya zube mata matattun agoguna, ta yi ta tsince ƙananan kusoshi tana tarawa a murfin gwangwani.

Shekarar da ta shiga aji huɗu ta fara jawo abu kusa da fuskarta. Agogon da take riƙewa a cinya ya koma ƙirji, daga baya har yana neman taɓa hanci. In ta ƙura wa agogon ido a haka, sai ƙwayoyin idonta su karkato ciki, su nufi juna.

Wani direba da ya kawo gyara ne ya fara lura. Ya tuntsire da dariya.

"Kai, Maigyara! Wannan 'yar taka ta gama koyon aiki. Har idon ta ɗauka!"

Telan da ke maƙwabtaka ya leƙo. "Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Auta ta ji manya na dariya, ita ma ta yi, agogon na nan a bakin hancinta. Kawu ya dube ta, ya ga idanun nan a karkace, ga dariya a bakinta. Ya miƙa hannu ya karɓe agogon.

"Tashi ki tafi gida."

"Kawu, ban gama ba."

"Kin gama. Kada ki ƙara zuwa."

Da uwarta ta tambaye shi dalili, cewa kawai ya yi shago ba wurin yara ba ne.

Da zuciyarsa ta huce, ya tsaya a ƙofar shago lokacin tashin makaranta. Ya hango ta a tsallaken titi, ya ɗaga mata hannu. Ta juyo saitinsa, ta ƙanƙance ido, ta wuce. Washegari ma haka. Ya ce a ransa, ga kwaikwayo ga harara. Bai ƙara tsayawa a ƙofar ba.

Ana nan har ƙarshen zango, sai ga ƙanwar tasa a shago, ko zama ba ta yi ba.

"Yaya, daga asibitin ido muke. Malamarsu ce ta kira ni, wai Auta ba ta kwafa daga allo, sai daga littafin ta kusa da ita."

Kawu ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Likita ta ce na nesa ne ba ta gani, kuma abin ƙaruwa yake. Shi ya sa take jawo komai kusa. In abu ya matso haka, dole idanun biyu su karkato ciki kafin su haɗu a kansa, har su gaji. Ni da nake ta yi mata faɗa ta daina cusa hanci a littafi!"

"Daga tsallaken titi fa?" in ji Kawu. "Tana iya gane mutum?"

"Wane mutum? Ni kaina sai na yi magana take sanin ni ce."

Da yamma ya rufe shago ya nufi gidansu. Auta na zaune a tsakar gida da sabon tabarau, ya ɗan yi mata girma. Tun daga ƙofa ta gane shi. Ta miƙe ta rusuna.

"Ina wuni, Kawu."

"Lafiya lau, 'yar gidana. Gobe ki biyo, an kawo wani babban agogo na bango, har tsuntsu ke fitowa daga ciki."

"Ina da aikin makaranta."

"Jibi fa?"

Ta sunkuyar da kai. Ashe tela ya daɗe da faɗa mata abin da ya sa aka kore ta: wai kwaikwayon idon Kawu take yi. Kawu ya durƙusa daidai tsayinta, yana so su haɗa ido. Ta kalli takalminsa, ta kalli bango, ta kalli hannunta. Har ya tashi tafiya ba ta yarda ta dubi fuskarsa ba, don kada ya ce wani abu take nufi.