Ruwan Bai Kai Sittin Ba

"Hamsin da huɗu," in ji Tamimu, yana goge ma'aunin zafin da gefen rigarsa. "Saura digiri shida, Rauda."

"Saura kwana tara," Raudatu ta ce. "Ranar Litinin ta sama jirgin Baba zai tashi. Ko shi ma matuƙin sai ya tsoma wannan abin naka a ruwa kafin ya tayar?"

Ma'aunin ma nata ne, mai lissafin Fahrenheit irin na Amurka, wanda take soka wa kaza a tanda. Lahadi uku ke nan mijin nata yana zare shi daga cikin cokula, ya hau bas daga unguwarsu ta Tompkinsville zuwa tafkin Clove, ya tsuguna a bakin ruwa kamar mai duba marar lafiya, ya dawo da lamba. Arba'in da biyar. Arba'in da takwas. Hamsin da ɗaya. Yau Asabar ya ƙara zuwa, ya dawo da hamsin da huɗu.

Mahaifinta, Malam Barmo, masunci ne daga Gaya. Shekara hamsin yana su a kogi kafin yanar ido ta zaunar da shi. Ita ta kawo shi New York aka yi masa aiki. Ranar da aka cire masa bandeji, bai tambayi dogayen gine-gine ba. Cewa ya yi, "A garin nan akwai ruwan da ba na gishiri ba?" Tamimu kuwa ya dafa ƙirji ya yi alkawari: da sanyi ya wuce, zai kai shi.

"Kin ga rana ta fito, mutane sun tuɓe rigunan sanyi, kin ɗauka shi ke nan," Tamimu ya ce. "Iska ce ta yi ɗumi. Ruwan nan ƙanƙara ya kwana da ita wata biyu. Kifin yana can ƙasa a sanƙare, ko tana ya gani ba zai buɗe baki ba. Sai ruwa ya kai sittin yake matsowa gaɓa. Ba ni na ce ba, kowa a wurin haka ya faɗa mini."

"Kifin da ko ka kama sai ka mayar da shi ruwa? Ba kai ka ce dokar wurin ke nan ba? To me muke jira, Tamimu? Miya za mu yi da shi?"

Ya sunkuyar da kai. Muryarsa ta yi ƙasa, don tsohon yana falo.

"Mutumin da ya taɓa jawo giwan ruwa shi kaɗai zan kai bakin tafki, mu wuni, ko motsi babu? Ya koma Gaya ya ce mijin 'yarsa ya kai shi kallon agwagi? Tun ranar ɗaurin aure nake ganin yana mini kallon ɗan birni mai sayar da waya. Sau ɗaya nake so in yi abu daidai a gabansa."

Tausayinsa ya kama ta. Wannan taurin kan ne ya sa ta so shi tun farko, mutumin da ya yi wata shida yana hawan jirgin ruwa na Staten Island a lokacin da ba nasa ba don kawai su tsaya a baranda ɗaya. Amma yau tausayin bai kashe fushin ba, ƙara masa wuta ya yi.

"Ashe kanka kake aunawa, ba ruwa ba," ta ce. "Zo ka gani."

Ta ja hannunsa zuwa ɗakin Baba, ta ɗaga matashi. Ƙugiyoyi bakwai ne a jere a kan ƙyalle, kowace an ɗaure ta da irin ƙullin masuntan Gaya.

"Da sabon idonsa ya ƙulla su. Kowace Lahadi, da ka fita da ma'auninka, sai ya sa rigar sanyinka mai hula, ya ɗaura takalmi, ya zauna a bakin gado. In ya ji ka shigo kana cewa bai kai ba, sai ya cire su a hankali ya ce mini dama ƙafarsa na ciwo. Kunyarka yake ji, kai surukinsa ne, ba zai tambaye ka ba. Ni nake tsaye a ƙofa ina kallo. Sau uku."

Tamimu ya ɗauki ƙugiya ɗaya, ya juya ta. Raudatu ta ci gaba da magana.

"Shekararsa saba'in da huɗu. Ka san ko zai sake ganin wani ruwa da wannan idon? Kifi ya gani har ya gaji. Igiya yake so ya ji a yatsunsa."

"An ce ranar Alhamis za a yi zafi sosai. In muka bari zuwa Lahadi ta sama..."

"In aka yi ruwan sama fa? Sai ka auna shi ma?"

Ta karɓe ma'aunin daga hannunsa, ta koma kicin ta jefa shi cikin cokula. Sannan ta tsaya a ƙofar falo, inda tsohon yake zaune da carbi yana yi kamar bai ji komai ba.

"Baba, gobe da hantsi ka sa rigar nan, kada ka cire. Tafki za mu, ko hamsin da huɗu ne ko ƙanƙara. Tamimu zai riƙe mana tana."